Leshin Inna a Ruwan Gahawa

Torhout, 9 ga Mayu, 1897

Zuwa ga yayana Seraphien,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Pelagie da yara. Mu ma lafiya, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Ranar Asabar da muka zo kantinka a Brugge ban ce uffan ba saboda Inna tana tsaye. Leshin wuyan rigar nan da ka shimfiɗa a ƙarƙashin gilashi, kana gaya wa matan Ingila wai wata mata ce ta saƙa shi shekara ɗari biyu da suka wuce, ka ɗauka ban gane shi ba? Ni na naɗa wa Inna zarensa a sandunan saƙa. Hunturu biyu tana duƙe a ɗakin ƙasa mai danshi don kada zaren ya bushe ya tsinke. Fari fat ka karɓe shi, ka ce na wata amarya ne. Ashe a gahawa ka tsoma shi ya yi ja, ya zama kayan kaka da kakanni.

Ƙaryar da kake shara wa baƙi, kai da Allah. Amma ka san idon Inna ya yi rauni. Ta kafa hanci a gilashin, ta roƙe ka ka buɗe ta taɓa, ka ce tsohon abu ba ya son hannu. Yatsunta kake tsoro, don da ta shafa da ta gane. Uwarka fa, Seraphien! Ko kunya babu?

A jirgin ƙasa, muna hanyar komawa gida, Inna ta juyo gare ni. Ta ce, Coleta, kin ga aikin mutanen da? Wai ita shekara sittin wasa da zare kawai take yi, ba ta kama ƙafar matar nan ba. Na buɗe baki, sai na tuna in na faɗa, ɗanta ne zai zama maƙaryaci. Na haɗiye, kuma ba zan yafe maka shirun nan ba.

Jiya ta zare alluran daga matashin da take saƙa a kai, ta ɗaure sandunanta ta ba maƙwabciya. Yau tun safe tana zaune, hannuwa a cinya.

Ka zo ranar Lahadi mai zuwa da leshin, ka sa mata a hannu da kanka. In ba ka zo ba, ni zan gaya mata.

Tana gaishe ka. Ta ce ka tambayo mata sunan marigayiyar da ta saƙa shi, tana so ta kunna mata kyandir a coci.

Ƙanwarka,
Coleta