Kilishin Malam a cikin mota

Laraba da dare, Takanamat

Gobe ɗana Isuhu zai kai babansa Malam asibitin Tawa, jininsa ya sake hawa, ga zafin nan. Sai kilim ɗin motar, na'urar sanyaya iska, ya ƙi, iskar ko mayafina ba ta motsawa. Na ce, "Isuhu, in biyo ku da mahuci?" Bai yi dariya ba.

Da ya kwance akwatin gaba, sai ga gidan ɓera ya toshe matatar iska, duk takardu masu maiƙo. Kilishi! Ashe nan Malam ke ɓoye shi tun da likita ya hana mishi gishiri.

Da Isuhu ya share matatar, iska ta dawo. Na ce wa Malam, "Tsoho, ɓera ya tona ka."

Ya ce, "Hajiya, bari. Kaina ke sara."

Tsiyar da na tanadar mishi duk na haɗiye ta. Allah ya kai mu safiya, su kama hanya.