Ni Ce Na Ɗaga Kakata a Gwajin Likita

Anti, don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da rubutun bai yi kyau ba. Shekarata goma sha huɗu, firamare kawai na gama, kuma ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba, balle shafinki na jarida. Da wayar yayata nake rubutowa, ita ma ba ta san abin da nake yi ba. Tun jiya na kasa ci da sha.

Kakata, mahaifiyar babanmu, tana kwance a asibiti yau kwana tara. Ciwon zuciya ne. An ce akwai wata 'yar ƙofa a cikin zuciyarta da ta tsuke, jini ba ya wucewa sosai, shi ya sa numfashinta ke sarƙewa, ƙafafunta suna kumbura. Likitoci suna maganar yi mata aiki. Ran Alhamis za su zauna da Baba da Baffa, yayan babanmu, a yanke shawara.

Ɗakinmu ɗaya da ita tun ina aji uku. Sandata take kirana, wai ta fi son sanda mai baki ko da ba ta magana, don kowa ya san ni da rashin surutu. Da can tela ce, kuma mace ce mai son a gan ta tsaf. Ba ta yarda kowa ya ga gazawarta. Baba direba ne, sai ya yi mako bai kwana a gida ba. Umma tana shago tun safe. Baffa kuwa sau ɗaya yake zuwa a wata, kuma ranar zuwansa tun da hantsi take yin wanka ta sa kwalli ta zauna a kujera, sai ka rantse yanzu ta dawo daga kasuwa. Yana tafiya sai ta kwanta har washegari.

Ni kaɗai na san sauran. Ta fi shekara ba ta iya taka keken ɗinkinta. Murfin kwalbar magani ma ni nake buɗe mata. Rigunanta sun yi mata yawa, ita ce ta nuna mini yadda zan rage su da allura, na rage har sau biyu. Ta faɗi sau biyu a banɗaki, na biyun har goshinta ya fashe, ta ja ɗankwali ta rufe. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, ta ce idan 'ya'yanta suka ji za su mayar da ita kayan ɗaki.

Akwai wata dabara da muka saba. Idan za ta tashi a gaban mutane, sai in zagaya bayanta kamar zan gyara mata mayafi, in cusa yatsuna a ƙugun zaninta in ja sama a hankali. Babu wanda ya taɓa lura. Har hannuna ya saba, ba sai na yi tunani ba.

Ran Litinin wani ƙaramin likita ya zo da takarda. Ya tambaya ko ta taɓa faɗuwa a bana, ko ta rame, ko tana wanka da kanta. Kafin Kaka ta buɗe baki Baffa ya amsa, ya ce ai mahaifiyarsu ƙarfe ce, dama can ba ta da jiki, kuma ba ta taɓa faɗuwa ba. Ba ƙarya ya yi niyya ba, abin da yake gani ke nan. Kaka ta kalle ni ta wutsiyar ido, na sunkuyar da kai.

Daga nan likitan ya sa aka kawo kujera, ya ce ta rungume hannuwanta a ƙirji, ta tashi ta zauna sau biyar. Ya ce in riƙe kujerar ta baya kada ta zame. Shi idonsa yana kan agogon wayarsa. Anti, wallahi ban san lokacin da hannuna ya shiga ƙarƙashin mayafin ba. Sau biyar ɗin nan duk ni na ɗaga ta. Likitan ya yaba, Kaka har da tsokanarsa, wai in yana neman abokin tsere ga ta. Kowa ya yi dariya, ni ma na ji daɗi, na ɗauka na fitar da ita kunya.

Jiya babban likita ya zo. Ya zauna ya yi wa Baba bayani dalla-dalla, ina tsaye ina ninke tawul. Ya ce za a sami tsofaffi biyu, shekarunsu ɗaya, ciwonsu ɗaya, a yi musu aiki iri ɗaya, ɗaya ta miƙe cikin kwanaki ta koma gida, ɗayar kuma ta kasa sake tashi daga gado, wani lokaci ma ba ta fita asibitin da rai. Ya ce ba zuciyar kaɗai suke dubawa ba, suna duba sauran ƙarfin da ya rage a jiki, shi ya sa suke tambayar faɗuwa da rama, shi ya sa suke gwajin kujera. Sai ya buga takardar da yatsa ya ce sakamakon Kaka ya ba shi ƙwarin gwiwa.

Tawul ɗin ya suɓuce daga hannuna. Ni na ɗauka gwajin nan wasa ne irin na motsa jiki. Ashe a kansa za su ɗora wuƙa. A gadon da ke kallon namu akwai wata tsohuwa da aka yi wa aiki mako uku da suka wuce, har yau sai mutum biyu sun juya ta, 'yarta tana ba ta ruwa da cokali. Da ina kallonta da tausayi kawai. Yanzu ko ɗaga ido ba na iya yi wajen.

Anti, ya zan yi? In na faɗa, na karya alkawarin Kaka, na kuma ƙaryata Baffa a gaban likita, ni da ko gaishe shi nake yi muryata ba ta fita. Kuma ina tsoron a fasa aikin saboda bakina, ciwon ya ci gaba da cinta, a ce ni na hana a yi mata magani. In kuma na yi shiru aka yi, wani abu ya same ta, da wane ido zan kalli Baba?

Daga 'yarki mai damuwa

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, ni ma sai da na ajiye ta na yi ajiyar zuciya. Na tura miki amsar nan ta wayar yayarki tun ranar da saƙon ya iso, don maganar ba ta jiran fitowar jarida.

Ki fara da kwantar da hankalinki. Ba ki yi mugunta ba. Kin rufa wa tsohuwa asiri ne, abin da aka yi miki tarbiyya a kai ke nan, kuma babu wanda ya gaya miki amfanin gwajin kafin a yi shi. Kakarki ma ina ganin uzurinta. Macen da ta ci da kanta da ƙafarta da hannunta, ba ƙaramin abu ba ne ta ce wa 'ya'yan da ta goya ta kasa. Baffanki kuma ya faɗi abin da aka nuna masa ne.

Amma dole a faɗa, kuma kafin Alhamis. Alkawarin da kika ɗauka na kare mutuncinta ne a cikin gida, ba ku yi shi don a ɓoye wa mai magani abin da ranta ya rataya a kai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan ɗakin ke ce mai shi.

Na tambayi wata likita da na amince da ita. Ta ce raunin jiki ba ya nufin an sallama mutum. Idan suka san gaskiya, suna iya jinkirtawa su fara gina ta da abinci da motsa jiki, ko su duba wata hanya mai sauƙi, ko su riƙe ta da magani, ko ma su yi aikin amma da shiri na daban. Wanne ya dace da ita, su ne za su auna tare da ita da iyayenki. Ba ke za ki fasa aiki ko ki sa a yi ba, don haka ki sauke wannan dutsen daga kanki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kakar za ki fara samu, lokacin da babu kowa a kusa. Ki maimaita mata abin da babban likita ya ce, ki gaya mata tsoro ya hana ki ci da sha, ki roƙe ta ta faɗa da bakinta. Za ta iya yin fushi, ta kwana biyu ba ta kula ki. Ki jure. Ko ta yarda ko ta ƙi, ki gaya wa Ummanki a ranar, ita ta san yadda za ta shigar da maganar wajen Babanki, shi kuma ya ji da yayansa. Ba sai kin tsaya gaban Baffa ba.

Idan kika ga lokaci yana ƙurewa ba a yi komai ba, ki sami ma'aikaciyar jinya mai fara'a a cikinsu ki ja ta gefe. In baki ya ƙi buɗuwa, ki rubuta a takarda ki miƙa mata, ai ga shi kin iya rubutu sarai. Ki sa faɗuwar nan biyu, da ramar, da kwalbar magani, da abin da ya faru a kujera, ki roƙi a sake gwajin kina tsaye a nesa. Ba su ne za su yi miki faɗa ba, irin wannan labarin suke nema ido rufe.

Abu na ƙarshe na iyayenki ne, ki nuna musu wannan layin. Jinyar tsohuwa mai ciwon zuciya ta fi ƙarfin yarinya ɗaya. Idan an sallamo ta, a raba aikin tsakanin manya, a kuma duba maganar komawarki makaranta.

Ki tashi ki wanke fuskarki, ki ci abinci, sannan ki je wajenta. Allah Ya ba Kaka lafiya mai ɗorewa, Ya yi wa likitocinta jagora, ke kuma Ya yi miki albarka, Ya ba ki masu jin ƙanki ranar da naki ƙarfin ya ja baya.

Antinki