Kartar Yaya da Rantsuwar Inna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana. Shawararku nake nema, abin ya tsaya mini a rai kamar ƙashin kifi a maƙogwaro.

Ni mai gyaran babur ne a Magariya, gidanmu yana Waca. Ina da wa guda, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya saya mini kayan aiki. Ya yi shekaru yana haƙar zinariya can arewa, bara ya dawo, bai yi wata biyu ba hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar. Lokotoro a asibiti ya ce a riƙa ɗebe masa kewa, to da me? Abokansa sun zo gaisuwa sau ɗaya sun ɗauke ƙafa, mutumin da a da shi ke cika fadarsu ta hira da dariya.

Rannan ina gyara masa jakarsa na ga karta, sai ya yi ta nuna ta da hannun hagu. Na ɗauka irin wadda muke bugawa a tasha ce, na raba, ya girgiza kai. Da ƙyar na gane yana cewa poka, wai a wurin haƙar ya koya. Ni ko sunanta ban taɓa ji ba. Na shiga salula na yi ta nema, na rubuta a bayan kwalin bujin babur: biyu iri ɗaya, uku sun fi su, biyar a jere sun fi uku, biyar masu zane guda sun fi jere. Kowa kati biyu a hannu, biyar a tsakiya. Ba ma sa ko dala, gyaɗa muke zubawa, in an tashi a mayar da ita kwano.

Duk Juma'a nake zuwa. Ranar farko na zubar da sarki biyu don ina jin ba su da amfani, Yaya ya yi dariya har da hawaye, dariyarsa ta farko tun da ya kwanta. Ni da na samu kati mai kyau sai haƙora su fito, shi kuwa fuskarsa ba ta motsi, ba ka gane komai. Ya nuna fuskar da yatsa, wai ciwon ma ya yi masa rana. Na yi dariya, amma a hanyar komawa sai da na tsayar da babur na yi kuka.

Sati uku da suka wuce Inna, mahaifiyarmu, ta shigo da fura ta tarar da mu. Na yi mata bayani ba kuɗi a ciki, ta ce caca caca ce ko da tsakuwa aka yi ta, haka babanmu ya fara da wasa har gonar gado ta tafi, wannan kuwa gaskiya ne ban isa in musa ba. Ta kwashe kartar ta jefa a murhu, ta ce mai jinya istigfari ya kamace shi, in na sake shigo da ita gidan ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Ban taɓa jin ta faɗi haka ga kowa ba.

Tun ranar Yaya ya juya fuska bango. Matarsa ta ce furar ma sai ya kurɓa sau biyu ya ture. Na kai masa dara, bai kalle ta ba. Jiya da zan tafi ya kama bakin rigata, ya daɗe yana kokawa da harshensa, abin da ya fito kawai shi ne, "Raba."

Jama'a, in sayo wata kartar in ɓoye, in ɗauki bakin uwa a kaina? Ko in bi maganarta ina kallon ɗan uwana yana ƙarewa? Masu ilimi a cikinku ku faɗa mini hukuncin wasan da ba kuɗi, iyaye mata kuma ku koya mini yadda ake roƙon uwar da caca ta taɓa ƙonawa. Juma'a na tafe, ban san da wane hannu zan shiga ɗakinsa ba.