Ban Karɓi Saƙon Yayarki Ba

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, matata.

Yayarki ta same ni a ƙofar aji, alli a hannuna, ta ce wai in sawwaƙe miki. Wai tun da ciwon nan ya taɓa ki harshenki ya yi nauyi, kina ƙwarewa da ruwa, kin zame mini kaya. Kaya? Ke? To, ban karɓa ba, kuma ba zan rubuta ba.

Saurari malaminki, ɗalibata mai taurin kai. Can a gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, akwai jijiyoyin da ke motsa harshe da leɓe da maƙogwaro. Jijiya ba ta taɓa 'yar'uwarta. Akwai ɗan gibi a tsakani, sai wani sinadari ya ɗauki saƙon ya haye da shi. Wani ya ce tashi, wani ya ce dakata, wani kuma aikinsa kawai ya ƙara wa saƙo ƙarfi ko ya sassauta shi. Kurɓi ɗaya na ruwa sai duk sun shigo bi da bi. Likita ya ce hanyarsu ce ta sami rauni, shi ya sa suke makara. Shekara goma ina koyar da wannan, ban taɓa ganin inda aka ce a can mutum yake ajiye darajarsa ba.

Kin tuna safiyar da kika haɗiye cokali uku ba tari? Ni ne na karkatar da cokalin har na jiƙa miki riga, kika harare ni da wannan idon naki mai kama da tauraro bayan ruwa. Wane ciwo ne ya taɓa hararar nan?

Na san kina rufe ƙofa kafin ki ci abinci don kada a gan ki. A bar masu kallo su yi ta kallo! Idan loma ɗaya za ta ɗauke ki minti biyar, nawa abincin ya huce, ina ruwan wani? Ki kira sunana a karkace, zan amsa kafin ki kai ƙarshensa.

Ranar Asabar zan zo gidan Baba, inda kike, in ɗauke ki. Ba shawara zan zo yi ba. Ki haɗa kayanki, Litinin muna da atisayen harshe a asibiti, kuma na riga na nemi izinin fita daga makaranta.

Naki, yau da gobe, har numfashi ya ƙare,
Mijinki, wanda ya ƙi.