Ƙwayayen Malam Sannu

Dakoro, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Aisa,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta. Mu nan sai godiya.

Ƙarar 'yarki Mansura na kawo. Na karɓe ta don ta yi lise, wato babbar sakandare, ashe mai binciken gida kika aiko mini. Ta shiga wata ƙungiya a makarantarsu, masu bin tsuntsaye da ƙadangaru da kaye, littafin rubutu, a hannu. Ban tanka ba sai da abin ya iso kan Malam Sannu, kunkurun nan da maigidana marigayi Cindo ya tsinto mini a hanyar Birnin Lalle shekara ashirin da shida da suka wuce, lokacin bai fi tafin hannu ba. Yau mutum ɗaya ba ya ɗaga shi.

Ran Lahadi ita da ƙawayenta biyu suka ɗauki metir ɗin ɗinkina suka auna shi, suka ɗaga shi suka leƙa ƙasan cikinsa. Wai na namiji yana da lotsawa, nasa kuwa a shimfiɗe yake, wutsiyar ma gajera. Wai Malam Sannu mace ce! Na yi dariya har da hawaye. Da suka fita kuma na je na durƙusa ni ma na leƙa, don abin ya tsaya mini a rai.

Inda muka ɓata shi ne da ta ce irinsu sun kusa ƙarewa a daji, an kwashe su an tsare a gidaje, kuma ma'aikatan gandun daji suna karɓa su mayar dajin Gadabeji. Na ce mata ta kiyaye ni. Abu mai rai da Cindo ya bar mini ke nan, babu wani.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayarki, Uwale

Dakoro, 20 ga Janairu

Aisa,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku da ta yara. Saƙon kuli-kuli ya iso, Allah ya saka da alheri.

Kunya ta kama ni, irin wadda ba a faɗa wa kowa sai ɗan'uwa. Kin tuna maƙwabciyata Lailatu, wadda muka shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji? Kin san dalili: ƙwayaye na tono a gindin katangar da ta raba mu, farare, kewayayyu, ba irin na kaza ba. Na ce sammu ta binne mini, na ƙone su, na daina amsa gaisuwarta.

To, ran Talata da la'asar Mansura ta ja ni da hannu zuwa gindin katangar nan. Malam Sannu ce ke tona rami da ƙafafun baya, ɗaya bayan ɗaya, a natse. Muna tsaye ta zuba ƙwai goma sha bakwai, ta mayar da ƙasa ta daddale. Innalillahi! Irin ƙwayayen nan ne sak da na ƙone, sai na zauna daɓas a ƙasa.

Washegari na ɗauki mayafi na shiga gidan Lailatu na roƙi gafara. Matar nan ta dube ni ta fashe da kuka, can kuma dariya ta ƙwace mata, ta ce sai na kai ta ta ga bokan da ya raba mu. Yanzu kullum da safe tare muke duba wurin. Mansura ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ni kuwa na ishe ta da tambaya: wata nawa suke yi, me 'ya'yan za su ci, ya za su fito daga ƙasa mai tauri haka? Wasu ta amsa, wasu ta sunkuyar da kai ta ce sai ta tambayi mushensu, wato malaminsu.

Na yi wa Lailatu alkawarin guda biyu in sun ƙyanƙyashe.

Taki, Uwale

Dakoro, 14 ga Agusta

Aisa ƙanwata,

Da fatan kuna lafiya, ya damina? Mu nan gero ya yi kyau, alhamdu lillahi.

Ƙwayayen ba su ƙyanƙyashe ba. Wata bakwai ina jira, har ruwa ya sauka ya jiƙa wurin. Da na matsa wa Mansura sai ta faɗa mini gaskiya tana hawaye: tun ranar farko ta sani, ta kasa faɗa ne ganin yadda nake murna. Kunkurun da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, ƙwanta fanko ne. Ko shekara nawa za ta yi tana tona rami a tsakar gidana, ba abin da zai fito.

Ban yi wa yarinyar faɗa ba. Kin fi kowa sanin shekarun da na yi ina jiran haihuwa. Ni Allah ne bai ba ni ba, na kuma rungumi ƙaddara. Amma wannan baiwar Allah ni na hana ta, da katanga da ganyen yakuwa, ina cewa ƙauna ce. Na ji zafin wannan ƙwarai.

Ni da kaina na sa aka kira ma'aikatan gandun dajin, jiya suka zo da mota. Na ce ƙafata ƙafarsu, sai na ga wurin da idona. Mansura ta ɗiga mata jan fenti a gefen ƙoƙo don a gane ta, ta rubuta awonta a kaye. Da aka sauke ta cikin ciyawa ta miƙa wuya ta daɗe tana shinshina iska, sannan ta kama hanya da wani sauri da ban taɓa sanin tana da shi ba. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Yau da safe na tsinko yakuwa na fito tsakar gida, sai na tsaya da ita a hannu. Gidan ya yi mini girma, Aisa. Na san kin ce Mansura ta taho Maradi ta ƙarasa hutu wajenku. Don Allah ki bar mini ita.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki, Uwale