Lagwanin Fitilar Sitti Zubaida

Unguwar Mansur, Makka
Rajab 1385

Yaya Hadijatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, da su Garba? Ni lafiya lau, aikin gidan Ba'indiyar nan ba wuya, hannuna ne kawai ya ɗan tsage.

Yaya, wata magana ta hana ni sakat. Ina goge wa uwar ɗakina, Sitti Zubaida, kayan tagulla da tsamiya da toka, sai na tarar da ƙunshi a ƙasan akwati: ƙararrawa, 'yar fitila, da gunki mai kan giwa, hannuwa huɗu, ɓera a gindinsa.

Ta fizge, ta ce, "Ya binti, 'yata, na uwata ne. Wai shi ke share wa matafiyi hanya. Ta cusa mini ranar da na musulunta na bi mijina Alhaji."

Har na yi ƙwalla. Daga baya na ga labarin ya cika daɗi, kamar littattafan soyayyar Masar da nake karantawa. Kuma lagwanin fitilar baƙi ne, yana ƙanshin man shanu. Wa ke kunna ta? Ga shi Sitti ba ta fashin salla.

In askarawa suka ji, fitar da ita za su yi daga Makka, ga goyo. In na yi shiru, ina tsoron alhaki. Ki tambayar mini Malam Dawuda, kada ki ambaci suna.

Na saka sabon lagwani fari a ɓoye don in gane gaskiya. Yau mako guda, Yaya, na kasa buɗe akwatin.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Rakiya