Lambar da Aka Cire daga Takarda

Stains, 4 ga Maris

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafa, ya sanyin unguwarmu Minguettes? Gwaggo Kadidiatou, da nake zaune wurinta, tana gaishe ka.

Baba, wata takwas ke nan ba ka ɗaga wayata ba, tun ranar da na ce maka na karɓi aiki a hukumar da ke neman wurin ajiye sharar nukiliya. Shi ya sa na ɗauki bik da takarda in rubuto maka. Ka yi haƙuri da Hausata, ta 'yan Vénissieux ce.

An zaɓi wani ƙauye, tafiyar awa biyu daga Lyon. Aikina in sa mutanen su yarda. Makon jiya mun yi taro da su, na nuna musu zane-zane da lambobi har bakina ya bushe. Sai wata tsohuwa mai kiwon awaki, Madame Odile, ta miƙe ta ce, "Wa ya auna? Ku. Wa ya rubuta? Ku. To ni me na zo yi nan?" Aka yi ta tafa mata. Franchement, gaskiyar magana, kai na tuna, don haka kake magana.

Na san ka yi aikin haƙar yuraniyom a Arlit, can Nijar, kafin ka zo Faransa, amma ba ka taɓa faɗa mana abin da ya faru can ba. Ko ba za ka yafe mini ba, ka faɗa mini wannan.

Ɗiyarka,
Raliatou

Vénissieux, 12 ga Maris

Raliatou,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sanyi kuwa ya saba da ni. Hausarki ba laifi, rubutun ne kamar kaza ta bi ta kan takardar.

Tunda kin tambaya, saurara. Shekara goma sha huɗu ina rataye da wani ɗan kwali a ƙirji, wai shi ke auna tururin dutsen da jiki ya sha. Ƙarshen kowane wata a zo da akwati a tattara, a ba mu sabo. Ko sau ɗaya ba a kira ni an ce, Mounkaila, ga lambarka ba. Abokina Ilya ya mutu yana tari. Dutsen ne ya kashe shi ko sigari? Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke ci mini rai har yau. Sai ga shi ɗiyar da na kai lakwal ta yi karatu da gumin aikina a masana'antar Saint-Fons ta koma cikin masu riƙe akwatin. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Kakarki hatsi take sayarwa a Tessaoua. Ba ta taɓa aunawa da hannunta ba. Takan miƙa wa mai saye tiya ta ce ya cika da kansa, ita ta koma gefe tana fira. Wasu sukan danna su ƙara tozo, ta gani ta ƙyale su. Amma ba wanda ya taɓa wuce rumfarta ya je ta wani. Ku kun riƙe tiya, kun riƙe buhu, kuna mamakin tsohuwa ta ƙi ku. Da ina wurin da na taya ta tafi.

Allah ya shirye ki.

Mahaifinki,
Malam Mounkaila

Paris, 2 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya, har da zagin rubutun.

Na kai maganar tiya biro, wato ofishinmu. Shef, shugabanmu, ya dube ni kamar na zare, amma ya bari. Mun raba na'urar awo goma sha biyu ga mutanen ƙauyen, kowa ya auna inda ya ga dama, gonarsa ko ɗakin kwanansa, ya rubuta da hannunsa.

Yanzu ga matsalar. Na'urar Madame Odile ta nuna lamba mai yawa a bakin idon ruwan da awakinta ke sha, ninki uku na abin da ke cikin takardarmu. Ba sharar kowa ba ce, ba a kawo ko cokali ɗaya ba tukuna. Dutsen wurin ne haka Allah ya yi shi. Amma da na bincika, sai na tarar mutanenmu sun auna wurin tun bara, suka cire lambar don kada a tsorata. Shef ya ce a taron da za a yi a Lyon ranar sha bakwai in ce ana kan bincike. C'est tout, shi ke nan.

Ban san abin da zan yi ba. In na faɗa, aikin ya tafi. Ba na ce ka zo ba, addu'a kawai nake roƙo.

Ɗiyarka,
Raliatou

Vénissieux, 19 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Kadidiatou,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya kasuwa, ya Alhaji da yara? Allah ya sa kaya sun iso lafiya.

Hajiya, na je. Kada ki yi mini dariyar nan taki. Na hau taram, na shiga metro, na samu kujerar can baya na ja hula. Na je ne in ga yadda ɗiyata ke ƙarya da Faransanci, in dawo in huta da tunaninta.

Zauren ya cika, manoma sun zo da mota guda. Tsohuwar nan mai awaki, 'yar firit da ita amma murya kamar ladan, ta ɗaga takardarta ta karanto lambar, ta ce, "Kun san da wannan ko ba ku sani ba?" Shef ɗinsu ya miƙa hannu zai ɗauki makirfo. Raliatou ta riga shi.

Ta ce, "Mun sani, Madame. Tun bara. Mun cire ta don kada ku tsorata, kuma ba mu kyauta ba." Ta ɗauki alli ta rubuta lambar da manyan baƙaƙe a allo. Sannan ta yi bayanin inda tururin ke fitowa, ta ce a ɗauki ruwan a kai duk ɗakin gwajin da su suka zaɓa, ba wanda hukuma ta zaɓa ba. Wani saurayi ya yi ihu, "Nan da shekara ɗari uku fa?" Ta ce, "Ga abin da muka sani, ga wanda ba mu sani ba," ta lissafa na biyun har ya fi na farkon tsawo. 

Hajiya, shekara arba'in ina jiran wani mai riƙe da akwati ya ce mun sani, mun ɓoye. Ashe a gidana na raine shi. Na yi kuka, hular ce ta rufa mini asiri.

Ba su amince da ajiye sharar ba, kada ki zata. Sun dai yarda su ci gaba da awo da kansu shekara guda, sannan a sake zama. Tsohuwar ta ce ita ba ta zama da kowa sai yarinyar nan. Shef kuwa fuskarsa kamar an jiƙa burodi. Na ji an ce sun janye ta daga aikin, sun mai da ta wani biro. Ki duba mini ita, ki ga tana cin abinci. Na fita kafin ta gan ni, kunya ta hana ni tsayawa.

Wanki,
Mounkaila

Vénissieux, 26 ga Mayu

Raliatou ɗiyata,

Ina gaishe ki. Na san gwaggonki ta ba ki wasiƙata kin karanta, bakinta bai taɓa riƙe ko gishiri ba.

Har yanzu ba na son aikin nan. Amma in sun mayar da ke, ki koma.

Watan jiya likita ya ɗauki hoton ƙirjina saboda tari. Sakamakon ya zo cikin ambulan, yana kan firij kwana goma sha tara, ban buɗe ba, ban faɗa wa kowa ba. Ki hau jirgin Asabar ki zo ki karanta mini. Duk abin da ke ciki, daga bakinki nake so in ji shi.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki